Yadda Za Ka Daidaita Hawan Keke da Cin Abinci Idan Kana Son Rage Ƙiba

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, kekuna da yawa da suka daɗe a jingine a zaure sun ziyarci mai faci, an kaɗe musu ƙura, an zuba wa sarƙa mai, sun koma kan titi. Wasu tsadar kuɗin mota ce ta mayar da su kan sirdi, wasu kuma likita ne ya duba hawan jininsu ko sukarinsu ya ce lallai su rage jiki. Ko wane ne dalilin, ƙorafin da ake ji bayan wata biyu ko uku guda ne: mutum yana murza feda kullum, yana jiƙewa da gumi sharkaf, amma tumbi yana nan daram inda yake.

Ni ma na yi wannan ƙorafin. Na shafe wata uku ina fita bayan sallar asuba, in yi zagayen kusan awa ɗaya, sannan a hanyar dawowa in jingine keke a jikin bencin mai shayin unguwarmu in ce a haɗa mini kamar kullum. Kamar kullum ɗin nan shi ne shayi mai kauri da madara da sukari cokali huɗu, da rabin biredi, da ƙwai biyu da aka soya a cikin mai har yana ƙyalli. Ina ci ina jin cewa na biya kuɗinsa da gumina. Ranar da na hau sikeli na tarar ko rabin kilo bai tafi ba, sai na ɗauki biro na yi lissafi, na gane cewa tufka da warwara nake yi.

Lissafin da ya kamata a fara da shi

Ana auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da ma'aunin kalori. Giram ɗaya na abinci mai sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake da ƙwai, shi ma 4 ne, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mutum mai nauyin kilo 80 da ke tafiya a keke da matsakaicin gudu, wato kilomita 16 zuwa 19 a awa, yakan ƙona kalori kimanin 500 a awa ɗaya, idan kuwa tafiyar ta a hankali ce irin ta mai zuwa gona, abin da zai ƙona ba zai wuce 300 da 'yan kai ba. Ke nan, idan da keke kaɗai za a dogara, sai an yi awa 15 ko fiye a kan sirdi kafin kilo ɗaya na kitse ya tafi, kuma da sharaɗin ba a ƙara ko loma ɗaya a kan abin da aka saba ci ba.

A ɗora wannan a kan karyawar da na ambata. Biredi giram 150 ya kai kalori 400, ƙwai biyu sun kai 150, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai 120, sukari da madarar shayin sun haura 100. Jimla ta doshi 800, a cikin minti goma, bayan awa guda ta wahala da ta ƙona 500. Ba cewa nake kada a karya kumallo ba, domin da ma dole mutum ya ci wani abu da safe. Matsalar ita ce wannan shayin ƙari ne, domin ina komawa gida kuma in tarar da koko da ƙosai, kuma ba na mayar da hannun uwargida baya.

Akwai wani abu kuma da ke rage ribar. Jiki ba ya yarda a yi ta kwasar masa ajiya bai rama ba. A shekarar 2012 wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon awon da suka yi wa 'yan ƙabilar Hadza na Tanzaniya, mutanen da ke yin doguwar tafiya a ƙasa kullum wajen farauta da neman abinci a daji, suka tarar cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, kalorin da suke ƙonawa a yini bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne, idan ka ƙara motsa jiki, jikinka yakan tsuke kashewa ta wasu wuraren. Kai ma za ka lura da wani ɓangare na wannan da idonka: ranar da ka yi tafiya mai nisa da safe, sai ka wuni a kishingiɗe, aiken da kake yi da ƙafarka ka tura yaro, kuma yunwa ta fi ta kullum.

Wannan ba dalilin ajiye keke ba ne. Keke yana ƙarfafa zuciya da huhu, yana taimakawa wajen saukar da hawan jini, yana sa jiki ya fi iya sarrafa sukari, kuma ba ya dukan gwiwa kamar yadda gudu ke yi wa mai nauyi. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan rigakafin ciwon sukari, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, mutanen da ke gab da kamuwa da cutar waɗanda aka ɗora a kan shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. A lura cewa abu biyu aka haɗa musu, kwano da motsi.

Yadda za ka tsara hawan

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mai son rage ƙiba ya nufi saman wannan adadin, amma ba a makon farko ba. Ka fara da minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako, ka riƙa ƙara minti biyar zuwa goma a kowane mako har ka kai inda awa ɗaya ba ta gagare ka. Ma'aunin matsakaicin gudu yana bakinka: idan kana iya magana da abokin tafiya jimla bayan jimla, amma numfashinka ba zai bar ka ka rera waƙa ba, to kana daidai. Idan amsa sallama ma tana yi maka wuya, ka wuce gona da iri.

Kafin komai, ka kai keken a daidaita maka tsayin sirdi. Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ya yi ƙasa ne, saboda sun saba da son tafin ƙafa ya taɓa ƙasa suna zaune. Ka zauna, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sambal ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban ƙafa kan fedar, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kuma haka ake so. Idan kekenka mai giya ne, ka zaɓi mai sauƙi wadda ƙafa za ta riƙa juyawa da sauri, sau 70 zuwa 90 a minti, maimakon mai nauyi da za ka riƙa dannawa kamar mai taka yumɓu. Tsohon Raleigh ko Phoenix marar giya ma ya isa wannan aiki, nauyinsa ba aibi ba ne ga wanda ya fito neman gumi.

Bayan mako shida ko makamancin haka, ka ware rana ɗaya a mako ta matsa lamba: minti ɗaya ko biyu na gudu mai ƙarfi, minti biyu na tafiyar hutu, a maimaita sau biyar ko shida. Mutumin Jos tuddan garinsa sun ɗauke masa wannan tsarin, amma na Kano ko Maiduguri, inda ƙasa take a shimfiɗe, sai ya ƙirƙira da kansa ko ya fuskanci iska. Sau biyu a mako kuma a yi atisayen ƙarfafa tsoka a gida, kamar tsuguno da miƙewa da dannawa da hannu a ƙasa, domin keke cinya da sha-raɓa yake aikatarwa, ba ya yi wa kafaɗa da ƙirji komai. Mata da dattawan da fita titi ba ta yi musu ba suna iya yin duk wannan a kan keken motsa jiki na cikin gida.

Batun lokaci kuwa yanayinmu ya riga ya yanke shi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maki 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Yamai, ba a hawan keken motsa jiki da rana tsaka, sai bayan asuba ko gab da magariba. Mai fita da duhu-duhu ya sa fitila gaba da baya da riga mai haske da hular kwano, saboda 'yan adaidaita-sahu da manyan motoci. Da hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ko tari ya haƙura ya yi atisayensa a ɗaki.

Gyaran kwano

A nan aikin yake. Abin da ake nema shi ne giɓin kalori 300 zuwa 500 a yini tsakanin abin da ke shiga da abin da ke fita, wanda zai ba da raguwar kwatan kilo zuwa kusan rabin kilo a mako. Ba sai ka sayi sikelin auna abinci ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kuma ba sai ka bar abincin gidanku ka koma wani baƙon tsari mai tsada ba.

Ka fara da abin sha, domin shi ne ɓarawon da ba a jin motsinsa. Kwalbar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukari giram 50 ko fiye da kalori sama da 200, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 25 a yini, wato ƙaramin cokali shida. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na kasuwa ba su tsira ba, domin mai sayarwa ya san sai da zaƙi ake dawowa. Abin sha mai sukari ba ya ƙosarwa, ka sha shi kuma ka ci tuwonka cikakke. Wanda ya bar lemo ɗaya a yini kuma ya rage sukarin shayinsa daga cokali huɗu zuwa ɗaya ya riga ya samu fiye da rabin giɓin da ake nema bai taɓa tuwo ba.

Na biyu shi ne mai. Garau-garau, ɗanwake, taliya da manja, dambu, duk abinci ne masu kyau waɗanda hannun mai zuba mai ke lalatawa. Tun da babban cokali ɗaya ya kai kalori 120, bambancin cokali ɗaya da uku a kan shinkafa da wake ya kai rabin awa ta hawan keke. Ka karɓi cokalin ka zuba da kanka. Inda akwai zaɓi, alale ya fi ƙosai, dafaffen ƙwai ya fi soyayye, dafaffiyar doya ta fi soyayya, gasasshen kifi ya fi wanda aka tsoma a kasko. Gyaɗa abinci ce mai amfani, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, saboda haka cikin tafin hannu ɗaya ya isa, ba kwalba guda a gaban talabijin ba.

Na uku shi ne tsarin kwanon kansa. A gidajenmu tuwo ne sarki, miya kuwa 'yar rakiya ce. Ka juya wannan: malmala ɗaya maimakon biyu, miya mai yawa, musamman ta ganye irin su kuka da kuɓewa da alayyafo da taushe, sannan kwaɗon zogale ko na rama ko kabeji da kokwamba a gefe. Shawarar hukumar lafiya ita ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, kuma ganye yana cika ciki da kalori kaɗan. Gero da dawa da acca da masarar da ba a surfe ta ƙwal ba sun fi farar shinkafa da biredi riƙe ciki.

Furotin ne abin da masu rage ƙiba suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ne ke hana jiki cinye tsokarsa lokacin da abinci ya ragu. Mai motsa jiki da ke rage nauyi yana bukatar kimanin giram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo na jikinsa, wato wajen giram 100 zuwa 130 ga mai kilo 80. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, kofin dafaffen wake yana da kusan 13, giram 100 na dafaffen kifi ko naman da ba kitse yana da 20 ko fiye. Ba dole sai nama ba a wannan tsadar: wake, awara, nono, kindirmo marar sukari, busasshen kifi da ƙwai sun wadatar, in dai ana samun ɗaya daga cikinsu a kowane cin abinci. Tsire da balangu ma ba haramun ba ne ga mai wannan shiri, sai dai a ce wa mai nama ya ware kitsen, ya kuma sassauta hannu wajen yayyafa mai.

Ci gwargwadon tafiya

Kuskuren da ke kishiyantar nawa na teburin mai shayi shi ne horar da kai da yunwa, kuma shi ma na ɗanɗana shi. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, wanda masana ke kira gilaikojin, kuma wannan ajiyar ba ta da yawa, takan yi ƙasa sosai bayan kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi. Wata Asabar na bi abokai hanyar Wudil ba tare da na sa komai a cikina ba, da tunanin kitse zai fi narkewa. A hanyar dawowa ƙafafuna suka zama kamar na aro, hannuna yana rawa a kan birki, idona yana ganin dishi-dishi, har sai da na zauna a gindin wata darbejiya wani mai tallar ayaba ya cece ni. Da na isa gida kuwa na ci abincin mutum biyu.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba, a matsakaicin gudu, ba ta bukatar komai sai ruwa, kuma ba ta bukatar wani abinci na musamman bayanta. Ka tsara ta yadda karin kumallonka na kullum zai zo bayan ka sauka, kada ka ƙirƙiro na biyu. Tafiyar da za ta wuce awa ɗaya da rabi kuwa, ka ci wani abu marar nauyi awa ɗaya ko biyu kafin fita, kamar koko ko ayaba, sannan a kan hanya ka riƙa cin giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da kusan giram 25, ƙananan dabino biyar ko shida ma kusan haka, kuma dabino ba ya lalacewa a aljihu. Bayan irin wannan doguwar tafiya, fura da nono marar sukari da yawa ta dace ƙwarai, domin ta haɗa gero da furotin da ruwa a ƙwarya ɗaya. A ranakun hutu, lokacin da keke ke jingine, a nan ne za a fi rage tuwo da shinkafa.

Gumi ba kitse ba ne, ruwa ne da gishiri. Masu sa rigar leda ko rigar sanyi a cikin zafi don su ƙara gumi suna jefa kansu cikin haɗari ne kawai, kuma nauyin da suka gani ya ragu zai dawo da sun sha ruwa. Idan kana son sanin abin da kake zubarwa, ka auna kanka kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ɓace lita ɗaya ce ta ruwa, wato ruwan leda biyu. A lokacin zafi mutum yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a awa. Ka riƙa kurɓa a kan hanya, kuma ka duba fitsarinka, idan ya yi duhu, ruwa bai isa ba.

A watan azumi tsarin yakan sauya. Mai lafiya yana iya yin tafiya marar ƙarfi ta minti 30 gab da shan ruwa, ko ya bari sai bayan asham lokacin da ya sha ya ci. Doguwar tafiya da matsa lamba su jira bayan Salla. Tarkon watan yana kan tabarmar buɗa baki, inda soyayyen dankali da doya da ƙosai da kunu mai sukari da lemo ke haɗuwa kafin a kai ga ainihin abincin, shi ya sa wasu ke fita azumi da nauyin da ya fi wanda suka shiga da shi. Ka buɗa da dabino da ruwa, ka yi salla, sannan ka zaɓi soyayyen abu guda ɗaya.

Yadda za ka san ko kana ci gaba

Ka hau sikeli sau ɗaya ko biyu a mako, da safe, bayan ka zaga kuma kafin ka ci komai. Kada kilo biyun da za su iya tafiya a makon farko su ruɗe ka, domin kowane giram na gilaikojin yana riƙe da kusan giram uku na ruwa, kuma yawancin abin da ya fara zubewa ruwan ne. Haka kuma kada ka karaya idan ka wayi gari da ƙarin kilo ɗaya bayan cin abinci mai gishiri a wajen biki. Tef ɗin tela ya fi sikeli faɗin gaskiya a kan tumbi: ka auna ƙugunka daidai saman cibiya, abin da ake so shi ne kada ya kai rabin tsayinka, wato ƙasa da santimita 85 ga mai tsayin santimita 170. Babu atisayen da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya narkar, jiki ne ke zaɓar inda zai fara ɗiba.

Idan mako uku suka wuce sikeli da tef ba su motsa ba, kada ka yi gaggawar ninka tafiya. Ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana uku, har da gyaɗar da aka miƙo maka a majalisa da lemon da aka kawo wa baƙo ka taya shi sha, galibi a nan za ka ga ɓarakar. Ka duba barcinka ma, domin wanda ke tashi asuba ya fita keke amma bai kwanta ba sai sha biyun dare zai wuni da yunwa da kwaɗayin zaƙi, kuma babba yana bukatar aƙalla awa bakwai. Idan kuwa akasin haka ne, nauyi yana zuba fiye da kilo ɗaya kowane mako, kana jin kasala, barci ya lalace, tafiyar da ka saba ta fara gagarar ka, to giɓin ya yi yawa, ka ƙara abinci.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan magani irin su glibenclamide ya ga likitansa kafin ya fara, domin haɗa motsa jiki da rage abinci yana iya faɗar da sukarinsa ƙasa a tsakiyar hanya, kuma irin wannan mutum kada ya fita ba dabino ko alewa a aljihu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙoda, da mai juna biyu, su ma shawarar likita ce farko, musamman a kan yawan furotin ga mai ciwon ƙoda. Duk wanda ya ji nauyi ko ciwo a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe masa fiye da yadda gudunsa ya kai, ya sauka daga keken nan take ya nemi asibiti a ranar.